MU ZANA FURANNIN KURFAI DA HANNUNMU

Ƴan uwa manoma da makiyaya, in kun shiga ɗakin amarya a Filinge, ko Shikal, ko Luma, ku tsaya ku dubi jere. Ku dubi murfin kwano, da faranti, da zanen gado, da akwatin ƙarfe. Kusan kowanne da fure a jikinsa. Ga ja, ga shuɗi, ga ruwan ɗorawa, gwanin kyau. To, ku tambayi uwar amarya sunan furen nan. Ba ta sani ba. Ku tambayi tsohon da ya fi kowa sanin daji a garin. Shi ma bai sani ba. Dalili kuwa, furen baƙo ne. Ba ya tsira a cikin dallol, ba ya tsira a kan tudu. A Kano aka buga shi, ko Legas, ko ƙasar Sin, aka ɗoro mana shi a mota.

Namu furannin fa? Furen kuɓewa yana nan bayan ɗaki. Furen wake yana nan cike da gona. Tumfafiya ba ta fasa fure ko da tsakiyar rani. Kullum muna wuce su, ba mu ɗaga ido. Manomi ba ya kallon fure sai don ya san ko za a sami ɗa. Ba laifi ba ne, ciki ne gaba. Amma ƙasarmu ruwanta kaɗan ne, wajen milimita 400 a shekara, wata shekara ma bai kai ba. Tun farin 1973 da na 1984 akwai itatuwa da ciyayi da suka yi ƙaranci. Yaran yanzu da yawa ba su san sunayen da kakanninsu suka sani ba. Abin da ba a zana ba, ba a rubuta ba, in tsofaffi suka tafi sai ya bi su.

Shi ya sa wannan wata za mu yi magana a kan yadda mutum zai tsinko fure biyu ko uku, ya sa su a ƙoƙo, ya zauna ya zana su da launi. Ba sai wanda ya yi lakkwal ba. Ba sai mai kuɗi ba. Hannun da ya koyi riƙon alƙalami da girma yana iya wannan.

Ya halatta?

Mun san tambayar da za ta fara zuwa bakin mutane ke nan, don haka mu fara da ita. Malamai sun yi magana mai yawa a kan zanen mutum da dabba. Amma itace da ganye da fure, nan babu tsanani. A cikin littattafan hadisi na Buhari da Muslim an ba da labarin wani mutum da ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da shi. Mutumin ya ce da zane yake ci da iyalinsa. Ɗan Abbas ya gargaɗe shi a kan zanen abu mai rai, sa'annan ya nuna masa hanya: in ba makawa, ya zana itatuwa da abin da ba shi da ruhi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya je ya tambayi malamin garinsu. Ai malamin nan ma shi ne ke yi wa almajiri zayyana a allo ranar sauka, da tawada baƙa da ja. A wurinsa za mu ari rabin sana'ar.

Launi yana ƙarƙashin ƙafarka

A kantunan Yamai ana sayar da ɗan akwatin launi na ƴan lakkwal. Wanda ya samu, madalla. Amma ku san wani abu. Launin cikin akwatin nan gari ne aka kwaɓa da ƙaro. I, ƙaron nan dai da yara ke ɓamɓarowa a jikin dakwara suna tauna. Daga Sudan da Cadi da Najeriya ake kwasar mafi yawansa zuwa Turai, har da na gabashin ƙasarmu. Can su haɗa, su zuba a akwati, su maido mana da tsada. Ke nan abin da muke bukata biyu ne kawai: garin launi, da ƙaron da zai riƙe shi a takarda.

Ga yadda ake ruwan ƙaro. A zaɓi ƙaro mai haske, a cire ɓawo da ƙasa, a daka. A auna ludayi ɗaya na ƙaro, ludayi biyu na ruwa mai ɗumi. A rufe ya kwana. Da safe a tace da tsumma mai tsabta. In akwai zuma a ɗiga kaɗan, tana hana launi tsagewa in ya bushe. Kada a yi da yawa, don bayan ƴan kwanaki yana tsami.

Ja da rawaya, a ƙasa suke. Ku bi gindin duwatsun da ke gefen Dallol Boso, ko bakin kwazazzabo bayan ruwa ya ci, ko inda ake ginar sabuwar rijiya. Za ku ga ƙasa kala kala, wata ja wur, wata rawaya, wata fara. Mata masu shafen ɗaki da masu ginin tukwane sun fi kowa sanin inda mai kyau take. Su za a tambaya. Kuma a wannan zamani da daji mai nisa ba shi da kwanciyar hankali, ba sai an yi nisa ba. Cikin tafin hannu biyu ya isa aikin wata guda.

In an kawo ƙasar, kada a yi gaggawar kwaɓawa, akwai rairayi a ciki. A niƙa ta a dutse. A zuba a ƙwarya, a cika da ruwa, a dama sosai. A ƙirga zuwa ashirin. Rairayi mai nauyi zai kwanta. Sai a tsiyaye ruwan nan mai launi a wata ƙwarya, a bar tsakin. Ƙwarya ta biyu a ajiye ta ta kwana. Da safe za a ga ruwa ya yi garau a sama, laka mai laushi kamar kindirmo ta kwanta a ƙasa. Ita ce launin. A zubar da ruwan a hankali, a shanya lakar, a ajiye a gwangwani. Farar ƙasa ma haka ake yi mata.

Ga wani abin mamaki da kowa zai iya gwadawa. In ka ɗauki garin rawayar ƙasa ka soya shi a kasko bisa garwashi, sai ya koma ja. Ƙarfe ne a cikin ƙasar, zafi ke juya shi. Shi ne dalilin da tukunya ɗanya ke shiga wuta da wani launi ta fito da wani.

Baƙi ba wuya. Gawayi mai laushi a niƙa shi lilis, ko a kankaro baƙin gindin tukunya, a haɗa da ruwan ƙaro. Tawadar malam ke nan. Akwai kuma na bagaruwa: a jiƙa ƴaƴanta, a jefa tsohuwar ƙusa mai tsatsa, bayan kwana biyu ko uku ruwan ya yi baƙi. Amma muna roƙonku, kada a fasa batirin cocila don a ɗebi baƙin cikinsa. Mun san ana yi. Guba ce, yara kuwa ba su rabo da sa hannu a baki.

Shuɗi, a nemi bular wanki, wadda mata ke sa wa farin tufa. Tana da arha, kuma rana ba ta cin ta da wuri. In ka haɗa bula da rawayar ƙasa sai ka sami tsanwa. Ba tsanwa shar ba ce irin ta jikin kwano. Tsanwa ce mai duhu, mai ƙura ƙura. Kada ka raina ta. Ka dubi ganyen sabara, ka dubi na tumfafiya. Haka ganyen ƙasarmu yake.

Akwai launukan da ake samu daga tsiro, sai dai a san halinsu. Karan dafi, wanda dukawa ke rina fata da shi, in an jiƙa shi da ɗan kanwa yana ba da ja mai kyau. Gangamau yana ba da rawaya mai haske ƙwarai, amma rana na kashe shi. Ruwan yakuwa ja ne a ƙoƙo, in ya hau takarda ya kwana biyu sai ya dushe, in kuwa ya taɓa kanwa ko toka nan take ya juya shuɗi shuɗi. Ruwan ɗanyen ganye shi ne babban mayaudari: yau tsanwa, jibi ruwan ƙasa. Na ƙasa da gawayi da bula su ne masu amana.

Wajen kwaɓawa, sakaina ta isa, kowane launi da tasa. Garin launi kaɗan, ruwan ƙaro kaɗan, a murza da yatsa ko bayan cokali. A shafa a gefen takarda a bari ya bushe, a goga da yatsa. In ya biyo yatsa, ƙaro bai ji ba, a ƙara. In yana ƙyalli yana tsagewa, ƙaro ya yi yawa, a ƙara gari da ruwa.

Abin shafawa da abin shafa wa

Makiyayi ba ya sayen burushi. Ka yanko gashin wutsiyar akuya ko na doki, tsawon gaɓar yatsa biyu. Ka daidaita bakinsa, ka ɗaure gindin da zare, ka tsoma gindin a ƙaro, ka cusa a bakin siririn kara, ka sake ɗaurewa. Ka yi biyu, babba kamar babban yatsa, ƙarami kamar ɗan yatsa. In ba ka son wahala, ka tauna bakin asawaki har ya yi laushi. Gashin zabo yana jan siririn layi. Yatsa da tsumma su ma kayan aiki ne.

Takardar kaye ta yi sirara, in ta sha ruwa sai ta tattare. Wadda ta fi ita ce takardar buhun siminti, ta ciki mai tsabta, ko bayan kwalin sukari ko na shayi. Kasancewarta ruwan ƙasa ma alheri ne, don fari da rawaya sun fi fitowa a kanta. A yanka kamar faɗin faifai. Kada a yi ƙarama. Ƙaramar takarda tana sa hannu tsoro. A kafe ta a allo ko murfin akwati da ƙaya huɗu.

Idon makiyayi

Nan ne gindin maganar, ku karanta a hankali.

Mai koyo yakan ce: "Ni ba ni iyawa, abin ya yi yawa. Ga jijiyar ganye, ga gashi gashi, ga ƙwaro a kai." To wa ya ce ka zana duka?

Ka tuna da makiyayi a kasuwar Balleyara ran Lahadi. Shanu ɗaruruwa, ga ƙura. Amma tun daga nesa zai nuna ya ce waccan tawa ce. Bai ƙirga gashinta ba. Abu biyu ko uku ya gani: tsayin ƙaho, zaman tozo, launin jiki. Ko yaro ya san bambancin saniyar Azawak, irin wadda ake kiwo a gidan gonar gwamnati na Tukunus tun 1954, da saniyar Bororo. Ta farko gajeren ƙaho. Ta biyu ƙaho dogo ya tashi sama ya buɗe. Da layi biyu a ƙasa za ka nuna wa mutum wacce kake nufi.

Haka fure yake. Kowane fure yana da ƙahonsa da tozonsa. Aikinka ka gano su, ka bar sauran. Furen kuɓewa kunnuwa biyar ne masu faɗi, launin man shanu, da jan tabo mai duhu a tsakiya kamar ido. In ka sa waɗannan, kowace mace a Kurfai za ta ce kuɓewa ce. Furen yakuwa ɗan uwansa ne, sai dai ya fi ƙanƙanta, kuma gindinsa da karansa ja ne. Na riɗi kamar ƴar ƙararrawa yake, fari da ɗan ruwan hoda, yana kallon ƙasa. Na wake kamar malam buɗe littafi ya sauka a ganye. Na bagaruwa ƴan dunƙule ne rawaya, ɗigo kawai za ka yi da kan yatsa. Na tumfafiya tauraro ne mai kai biyar, fari, bakinsa kamar an tsoma a shuni, kuma a tare suke fitowa cunkus.

Dabarar ganin haka ita ce ka runtse ido rabi, kamar mai duban hanya cikin hazo. Ƙananan abubuwa za su ɓace. Abin da ya rage, wuri mai haske da wuri mai duhu, shi za ka zana.

A zauna a fara

Da sassafe ake tsinko fure. Na kuɓewa kwana ɗaya gare shi, da safe ya buɗe, kafin la'asar ya yi laushi. Na wake kafin rana ta take ya rufe. Na duma kuwa sai da marece yake buɗewa. Kada ka shiga kuɓewar uwargida ba da izini ba, kowane fure ɗan kuɓewa guda ne aka rage a miya. In na kabewa ne, ka tsinki namiji, wato wanda ba shi da ɗan ƙullutu a gindi, ka bar wasu don ƙudan zuma su yi aikinsu. In tumfafiya ce, ka yi hankali da nononta. In ya shiga ido yana yin ɓarna ƙwarai. A wanke hannu da sabuni, kada a ba yara ita.

Fure uku sun isa. Ka sa su a ƙoƙo ko ƴar tukunya da ruwa, da ganye kaɗan. Kada ka jera su kamar soja a fareti. Ɗaya ya dube ka, ɗaya ya ba ka gefe, ɗaya wanda bai buɗe ba ya leƙo daga sama. Ka zaɓi guda ya zama sarki, sauran fadawa. Bayansu a sami bango, ko a rataya zane marar ado. Ka zauna a zaure kusa da ƙofa, yadda haske zai zo ta gefe guda. A tsakar rana a fili ba a ganin inuwa da kyau, kuma launi na bushewa a burushi tun bai kai takarda ba.

Kafin ka taɓa komi, ka yi kallo kamar tsawon shan shayi na fari. Sa'annan ka ɗauki gawayi ka yi alama sama sama. Da'ira uku inda furanni za su zauna, da wurin ƙoƙo daga ƙasa. Ka cika takardar. Kuskuren mai koyo na farko shi ne ya yi ɗan mitsitsin fure a tsakiya, ya bar fili kamar gonar da fari ya ci. In ganye ɗaya ya fita bakin takarda, bar shi ya fita.

Yanzu babban burushi. Ba a riƙe shi kamar alƙalami. A wajen karatu an koya mana mu riƙe kusa da baki, mu bi layi, kada harafi ya karkace. Nan sai ka riƙe daga can ƙarshe, hannu ya saki tun daga kafaɗa, kamar mai watsa iri.

Da bango ake farawa, ba da fure ba. In furenka mai haske ne, bayan ya yi duhu. Ka haɗa bula da jan ƙasa da ɗan baƙi, ka shafa kewaye da da'irorin nan, ka bar wurin fure. Kada ka damu da shafe ya yi sumul. Sawun burushi ba aibi ba ne, shi ke nuna hannun mutum ne ya yi ba inji ba. Sai ƙoƙo: gefen ƙofa haske, ɗaya gefen duhu, launi biyu kawai. Ka ja inuwa a gindinsa ta gefen da ba haske. In ba inuwa, ƙoƙon zai zama kamar yana yawo a iska.

Sai ganye. Kowane ganye shafa ɗaya ko biyu. Ka danna burushi, ka ja, ka ɗaga. Wasu da duhu, wasu ka ƙara musu rawaya. Ba sai ka zana duk ganyen da ke gabanka ba. Biyar ko shida sun wadatar.

Fure shi ne na ƙarshe. Ka wanke burushi, ka canza ruwa, don ruwa mai dauɗa shi ke kashe launi. Ga na kuɓewa, ka haɗa farar ƙasa da ɗan rawaya, da kauri kamar kunu. Kowane kunne shafa ɗaya, daga waje zuwa tsakiya. Biyar. Kada ka koma kana gyarawa. Kunnen da ke cikin inuwa ka sa masa ɗan tsanwa ko ɗan toka. Ka bari ya sha iska. Sa'annan ka ɗauki ƙaramin burushi, jan ƙasa da ɗigon baƙi, ka sa idon nan na tsakiya. Daga cikin idon ka fito da ɗan sanda fari. Za ka ga furen ya buɗe ido ya dube ka. Sarki kaɗai za ka yi wa wannan hidima duka. Fadawa a bar su da shafa biyu uku.

Yawancinmu za mu so mu ɗauki alƙalami mu bi gefen komi da baƙin layi, don haka muka gani a kwano. A ganinmu gara a bari. Ka dubi furen da ke gabanka, ba shi da baƙin layi. Duhun bango ne ke fito da shi. Kuma in furen ya ba ka sha'awa don haskensa, ba laifi ka ƙara masa haske fiye da yadda yake. In kwanciyarsa ta gajiya ce ta taɓa ka, ka ƙara masa kwanciya. Mai waƙa in yana yabon doki ba ya auna shi da igiya.

Ka riƙa tashi kana ja da baya taki biyar kana dubawa. Da ka ga mutum zai iya gane furen daga nan, ka ajiye burushi. Zane ya fi lalacewa a hannun mai ƙari bisa ga mai ragi. Na farko ba zai yi kyau ba, na biyu ma watakila. Kunyar farko ta ɗan koyon huɗa ba ta miƙewa. Kada ka yaga. Ka ajiye, ka kwatanta da na goma.

Wani da ya fara da girma

A ƙasar Holan an yi wani mutum, Van Gog. Sai da ya shekara 27 ya kama zane gadan gadan, bayan ya gwada ayyuka da yawa ba su karɓe shi ba. A watan Agusta na 1888 yana zaune a wani gari na kudancin Faransa mai suna Arl, ba Arlit namu ba. Ya tsinko furannin nan manya masu bin rana, ya zuba a tukunyar ƙasa, ya yi ta zana su. Tun fitowar rana yake farawa, da sauri, don furen ba ya jira. Cikin ƴan kwanaki ya gama guda huɗu. A wasu kusan launi ɗaya ya yi aiki da shi, rawaya, mai haske da mai duhu. Bai ɓoye sawun burushi ba. Har furen da ya fara bushewa ya sa a ciki. Ya mutu a 1890 yana matalauci, bai sayar da abin kirki ba. A 1987 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin zanensa na irin furannin nan a London, wani kamfanin inshora na Japan ya saye shi kusan dalar Amurka miliyan 40.

Ba mu kawo labarin don wani ya sayar da akuyarsa ya zauna jiran Japanawa ba. Mun kawo shi don ku ga kayan aikin mutumin: tukunya ɗaya, furen gona, launi kaɗan, da sammako.

Fure mai kyan fuska, mugun hali

Akwai furen da muke so kowane gari ya zana ya kafa a bangon lakkwal da wurin karatun manya. Ƙuduji ke nan. Duk gonar hatsi ba abin da ya kai shi kyau, ruwan hoda mai haske a kan siririn kara. Farar ƙasa da karan dafi da ɗigon bula za su ba ka launinsa. Amma kun san aikinsa. Tun yana cikin ƙasa yake kama saiwar hatsi da dawa yana tsotsa. Kafin ya fito ya riga ya yi rabin ɓarna. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubu gomomi, ƙanana kamar ƙura, kuma irin yana iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran hatsi. Yaron da ya zana ƙuduji da hannunsa ba zai wuce shi a gona ba. A tuge shi da ya fara fure, tun bai yi iri ba. Wanda aka kawo gida don zane, in an gama a jefa shi a wuta. Kada a yar a bola, kada a ba dabba, don zai koma gona cikin taki.

Makiyaya su ma suna da nasu. Duman kada na bakin tabki furensa kamar bakin kakaki, ja mai sirkin shuɗi, amma dabbar da ta ci shi da yawa sai ta kama makyarkyata. Zaƙami farin fure gare shi dogo, ƴaƴansa kuwa suna juya hankali, suna kisa. Garmani da ɗan furensa rawaya ya cinye makiyaya da burtali a wurare da yawa. Ɗan kiwo sabon fita ya san su a takarda tun kafin ya gamu da su a daji.

Ta wajen samu kuma, kada a yi tsammanin abin banza ne. Yarinyar da ta iya fitar da fure a takarda za ta iya fitar da shi a hannun amarya da lalle, yau kuwa sana'a ce mai kawo kuɗi. Mai ɗinkin zanen gado da matashin kai tana bukatar wanda zai zana mata kafin ta bi da zare. Maƙerin akwati da mai ƙofar ƙarfe suna neman mai yi musu ado. Sai dai a sani, launin ƙaro ba ya jure ruwa. Na takarda ne da bangon cikin ɗaki. Ƙarfe da abin da zai zauna waje sai fentin mai na gwangwani, bayan an goge tsatsa. Hannun dai ɗaya ne, idon ma ɗaya.

Fure ba ya yankewa duk shekara in an san inda za a duba. Da damana ga wake, ga riɗi, ga tafasa. Da kaka ga yakuwa, ga bado a tabki. Da sanyi gawo ke nasa, shi da ya saɓa wa kowa, yana ganye lokacin da sauran ke zubarwa. A garake kuma ga kabewa, ga zogale, ga furen dankalin Turawa a fadamar Bonkuku. Da rani tumfafiya na nan.

In zane ya bushe, ka rubuta a ƙasansa sunan furen, da sunan garinku, da wata, da shekara. Ka tambayi maƙwabcinka Bazabarme, da Bafillace, da Buzu, yadda suke kiransa, ka rubuta nasu kusa da naka. Gara da kyankyaso suna son ƙaro, don haka kada a jingina takarda a ƙasa ko a soka ta a rufin ɗaki. A sa ta tsakanin kwali biyu, a zuba busasshen ganyen dogon yaro, a ajiye cikin akwatin ƙarfe.